Yadda Ake Duba Lafiyar Baligi Kafin Ciwo Ya Bayyana: Jagora ga Ma'aikatan Asibitin Matakin Farko

Tambayar da ma'aikatan lafiya kan yi ita ce: mutum ya shigo ya ce "a duba ni gaba ɗaya", ko kuma ciwon baya ne ya kawo shi amma ana so a yi amfani da damar a duba sauran lafiyarsa, to daga ina za a fara, me za a auna, me za a bari? Tsakanin 2021 da 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta ƙa'idojinta na hawan jini, na gwajin bakin mahaifa, da na ciwon hanta nau'in B. Duk sun dosa wuri guda: a yi gwaji kaɗan, ga wanda ya dace, a yi shi daidai, sannan a bi sakamakon har mutum ya samu magani.

Wannan jagora ta shafi mai shekara 18 zuwa sama wanda ya shigo da ƙafarsa. Mai zazzaɓi mai zafi, mai ciwon ƙirji ko mai haki, a fara da abin da ya kawo shi, a ba shi wata rana don sauran.

1. Haɗa kayan aiki

Ana buƙatar na'urar awon hawan jini ta damtse wadda aka tantance ingancinta, da maɗauri aƙalla iri biyu: matsakaici na damtsen da kaurinsa ya kai santimita 22 zuwa 32, da babba na 32 zuwa 42. Sai sikeli, ma'aunin tsawo a jikin bango, tef irin na tela, na'urar awon suga da tsinkenta, tsinken gwajin fitsari, kayan gwajin HIV da na ciwon hanta, kwalbar karɓar majina, kujera mai majingina, da rajista.

Gargaɗi: na'urar da ake ɗaurawa a wuyan hannu ba ta dace da asibiti ba. Tsinken suga kuwa zafi da danshi na lalata shi, don haka a rufe kwalbar da zarar an zaro ɗaya, kada a ajiye ta a bakin taga, a kuma duba ranar ƙarewar aikinta duk wata. Batir mai rauni yana sa na'urar jini ta kasa hura maɗauri sosai. A ajiye wani a aljihun tebur.

2. Tambayoyi kafin a taɓa na'ura

A zaunar da mutum, a yi masa tambayoyin nan yana zaune. Minti biyar ɗin da za su ci su ne hutun da ake buƙata kafin awon jini, in dai an bar shi ya yi shiru na ɗan lokaci a ƙarshe.

A tambayi shekaru. Idan bai sani ba, a kimanta da wani abu da kowa ya sani a garin. A tambayi ko iyaye ko 'yan'uwa na jini sun yi hawan jini, suga, shanyewar ɓarin jiki, ciwon hanta, sikila, ko sankarar nono. A tambayi taba da duk danginta, har da shisha da tabar gari, da giya, da ƙwayoyi irin su tramadol. Wannan tambaya ba a yin ta a gaban ɗan rakiya. A ce masa, "Malam, ɗan ba mu wuri kaɗan," sannan a tambaya.

Tambayar da aka fi tsallakewa ita ce ta magungunan da mutum ke sha ba da takardar likita ba. "Hajiya, akwai wanda kuke saya a kemis don ciwon gwiwa?" Diclofenac da ibuprofen da ake sha kullum suna ɗaga jini, suna kuma cin ƙoda. Ƙwayar ƙiba da ake kira sha-ka-fashe sau da yawa dexamethasone ce a ciki, tana ɗaga jini da suga gaba ɗaya, haka ma wasu mayukan bilicin. A tambayi jiƙe-jiƙe da maganin ƙarfin maza. Mace mai shekarun haihuwa a tambaye ta ranar al'adarta ta ƙarshe, domin amsar za ta canza maganin da za a iya ba ta.

A rufe da tambaya biyu kan damuwa: a makonni biyun da suka wuce, ransa ya yawaita ɓaci ko ya ji ya yanke ƙauna? Ya daina jin daɗin abubuwan da ya saba jin daɗinsu? In ya amsa da e a ɗaya, a zurfafa, a kuma tambaye shi kai tsaye ko tunanin cutar da kansa ya taɓa zo masa. Tambayar ba ta dasa tunanin a zuciyar wanda ba shi da shi.

3. Awon hawan jini

Wannan shi ne aikin da ya fi kowanne amfani a ziyarar, shi ne kuma aka fi ɓatawa. Ana yi wa kowane baligi, ko me ya kawo shi.

Na farko, a tabbatar bai sha taba, kofi ko shayi mai kauri ba, bai ci goro ba, a cikin rabin awar da ta wuce. "Baba, kun ci goro da safen nan?" In yana jin fitsari ya je ya yi tukuna, domin cikakkiyar mafitsara kan ƙara kusan maki 10.

Na biyu, zama. Baya a jingine, tafin ƙafa biyu a ƙasa, ba harɗe ƙafa. Hannu a kan tebur, tsakiyar damtse daidai da tsakiyar ƙirji. Hannun da ke rataye ko wanda mutum ya riƙe da kansa yana ɗaga lamba.

Na uku, maɗauri. A ɗaura shi a kan fata, gefensa na ƙasa kamar yatsa biyu sama da lanƙwasar gwiwar hannu. In hannun riga ya matse idan an naɗe shi, gara a zare hannun daga rigar. Ga mata, a ja labule, a bar hijabi ya rufe kafaɗa, damtsen kawai ake buƙata. Ƙaramin maɗauri a babban damtse yana nuna jini ya hau alhali bai hau ba, kuma mutane da yawa masu jiki sun fara shan magani saboda wannan kuskure kaɗai.

Na huɗu, shiru. Ma'aikaci ba ya magana, mara lafiya ba ya magana, ba a amsa waya. A auna sau biyu da tazarar minti ɗaya zuwa biyu. A zuwan farko a auna hannu biyu, wanda ya fi hawa shi za a riƙa amfani da shi nan gaba, a rubuta haka a kati. Mai amfani da na'urar famfo da abin saurare ya saki iska a hankali, maki 2 zuwa 3 a kowace daƙiƙa, ya kuma rubuta abin da ya ji. Rajistar da duk lambobinta suka ƙare da sifiri, 120/80, 130/90, 140/90, shaida ce cewa ana kintace ne.

Yadda ake fassara sakamako: ƙasa da 140/90, a sake aunawa bayan shekara, ko a duk zuwan da ya yi. In lambar sama ta kai 140 ko ta ƙasa ta kai 90, a ba shi wata rana, cikin mako ɗaya zuwa huɗu, a sake. Sai an samu haka a ranaku biyu daban ake cewa yana da hawan jini.

Gargaɗi: 180/110 ko sama tare da matsanancin ciwon kai, gani dishi-dishi, ciwon ƙirji, haki, ruɗewa, karkacewar baki ko mutuwar hannu, wannan na gaggawa ne, a tura babban asibiti nan take. Mai ciki da ta kai 140/90 ma ba a ce mata ta dawo bayan mako huɗu. A gwada fitsarinta a ranar, a haɗa ta da likita saboda jijjiga.

4. Idan an tabbatar jinin ya hau

Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2021 ta ce a fara magani daga 140/90, kada a tsaya jiran gwaje-gwajen ɗakin bincike in jiran zai kawo jinkiri, kuma ta yarda ma'aikacin da ba likita ba ya bayar da maganin muddin an horar da shi, yana bin rubutaccen tsari, akwai kuma mai sa ido a kansa. Wanda ya taɓa samun ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ana fara masa tun lambar sama tana 130 zuwa 139.

Tsarin da ake bi a asibitocin matakin farko na Najeriya, wanda aka fara aiki da shi a jihohi irin su Kano da Ogun tun 2020, hawa-hawa ne. Ana farawa da amlodipine miligiram 5 sau ɗaya a rana. Bayan wata guda in jini bai sauka ƙasa da 140/90 ba, a haɗa da losartan 50. In har yanzu bai sauka ba, amlodipine 10 da losartan 100. Daga nan a ƙara hydrochlorothiazide 25. In duk wannan bai yi ba, a tura gaba. A manna takardar tsarin da ma'aikatar lafiya ta jiha ta bayar a bango, a bi ta.

Kafin a hau mataki na gaba a tabbatar yana shan na yanzu. "Kuna shan magani?" kowa zai ce e. Tambayar da ke fito da gaskiya ita ce, "A makon nan kwana nawa ya wuce ba ku sha ba?" ko a ce ya zo da ragowar a ƙirga.

Gargaɗi: ba a ba mai ciki losartan, ko wadda ke iya ɗaukar ciki ba ta kan tsarin tazarar haihuwa, domin yana lalata ƙodar ɗan tayi. Inda akwai hali, a gwada aikin ƙoda da sinadarin fotasiyam ga duk wanda aka ɗora a kansa. Amlodipine kan kumbura idon sawu; a faɗa wa mutum tun farko, in ba haka ba zai ɗauka ƙodarsa ce ta taɓu ya watsar da maganin. A kuma faɗa masa ƙarara cewa saukar jini ba warkewa ba ce, maganin ne ke riƙe da shi. Ana ganinsa duk wata har jini ya daidaita, daga nan duk wata uku zuwa shida.

5. Nauyi, tsawo, ƙugu da lissafin haɗari

A cire takalmi da babbar riga. A raba nauyi na kilo da tsawo na mita sau biyu: mai kilo 80 da tsawon mita 1.70, 80 a raba da 1.70 a sake rabawa da 1.70, ya ba da 27.7. Daga 25 nauyi ya yi yawa, daga 30 ƙiba ce, ƙasa da 18.5 rama ce da ke buƙatar a nemi dalilinta. Ƙugu ana auna shi a tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin kwankwaso, bayan mutum ya fitar da numfashi. Santimita 94 ga namiji da 80 ga mace su ne iyakar da ake fara jan kunne.

Ga mai shekara 40 zuwa 74, a buɗe jadawalin haɗarin ciwon zuciya na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019, shafin Afirka ta Yamma. Akwai wanda ba ya buƙatar gwajin jini: shekaru, jinsi, shan taba, lambar jini ta sama da lissafin nauyi kawai. Yana nuna yiwuwar bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki cikin shekara goma. Wanda ya kai kashi 10 cikin ɗari a nema masa gwajin suga da na kitsen jini. Wanda ya kai kashi 20 ya ga likita kan maganin rage kitsen jini. Ba a amfani da jadawalin ga wanda ciwon ya riga ya taɓa, shi haɗarinsa a bayyane yake.

6. Gwajin suga

Ba kowa ake yi wa ba. A yi wa mai alamu: yawan fitsari, ƙishirwa, rama, gyambon da ya ƙi warkewa, ƙaiƙayin gaba mai dawowa. A yi wa mai hawan jini, mai ƙiba, mai tarin fuka, wanda iyayensa ke da suga, da matar da ta haifi jariri mai kilo 4 ko fiye. Ƙungiyar masu kula da ciwon suga ta Amurka ta sauko da shekarun fara gwajin kowa da kowa zuwa 35 a 2022. Inda tsinke ya wadata ana iya bin haka, inda ya yi ƙaranci a fifita waɗanda aka lissafa.

Mutum ya kwana awa takwas bai ci ba, ruwa kawai. A fayyace masa cewa koko, kunu da shayi duk ci ne. Ya wanke hannu da sabulu ya bushe, domin yatsan da ya taɓa dabino, mangwaro ko rake zai ba da lamba mai tayar da hankali. A soki gefen yatsa, kada a matse shi da ƙarfi.

Kafin karin kumallo, 7.0 ko sama a ma'aunin milimol, wato 126 a ma'aunin miligiram, ciwon suga ne. Daga 6.1 zuwa 6.9 yana bakin gaɓa, a ba shi shawara a sake bayan shekara. Gwajin kowane lokaci da ya kai 11.1, wato 200, tare da alamu, shi ma ya isa. Mara alamu sai an maimaita a wata rana, kuma in akwai ɗakin bincike kusa a tabbatar da jinin jijiya.

Gargaɗi: a duba wane ma'auni na'urar ke nunawa. Ana ninka milimol sau 18 a samu miligiram. Gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin suga na watannin baya, wanda iyakarsa kashi 6.5 cikin ɗari ce, ba abin dogaro ba ne ga mai sikila, mai ƙarancin jini, ko wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan. Suga a fitsari kuma ba ya isa a ce mutum na da ciwon. Wanda aka tabbatar masa, a cire masa takalmi a duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, a gwada fitsarinsa, a tura shi duba ido sau ɗaya a shekara. Mai shan magani da ke niyyar azumi a gan shi makonni shida zuwa takwas kafin Ramadan a gyara masa lokutan sha.

7. Ciwon hanta, HIV, tarin fuka da jinotayif

Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 na ɗauke da ciwon hanta nau'in B, kuma yawancinsu ba su sani ba. Don haka kowane baligi ya cancanci gwajin HBsAg, wato gwajin jini na gano wannan ciwo, aƙalla sau ɗaya, kowace mai ciki kuma a kowane ciki. Wanda ba shi da shi a yi masa allurar rigakafi sau uku: yau, bayan wata ɗaya, bayan wata shida da ta farko. In ya makara ba a sakewa daga farko, a ci gaba daga inda aka tsaya.

Wanda aka samu da shi, a tura shi gwajin aikin hanta, ƙididdigar jini, hoton ciki, da awon yawan ƙwayar cutar in da hali. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2024 ta faɗaɗa waɗanda suka cancanci magani, ta kuma ba da hanyar yanke hukunci da gwaje-gwaje masu sauƙi inda awon ƙwayar cutar ya gagara, saboda haka wanda aka ce masa a baya "ba ka kai shan magani ba" ya kamata a sake duba shi. A gwada mata ko miji, 'ya'ya da 'yan ɗaki ɗaya. Jaririn da aka haifa ya samu allurar hanta cikin awa 24, ko a gida aka haife shi. A faɗa wa iyali cewa ba a ɗauka ta gumi ko cin abinci kwano ɗaya. Reza, askar wanzami, ƙaho da abin yankan farce da ake haɗawa su ne abin kiyayewa. Wanda aka ɗora a kan tenofovir, maganin ciwon hanta, kada ya tsayar da kansa, hanta na iya tashi da ƙarfi.

A yi tayin gwajin HIV da yardar mutum, a keɓe. A tambayi kowa tari na mako biyu, zazzaɓin dare, gumin dare da rama. In akwai, a karɓi majina a tura gwajin GeneXpert na gano tarin fuka.

Saurayi ko budurwa a gwada jinotayif tun kafin maganar aure ta yi nisa. Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, amma gwajin da aka yi ana saura mako guda ɗaurin aure ba ya barin wurin tunani. AS da AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na sikila. A jaddada "kowane ciki", domin da yawa suna fahimtar ɗa na huɗu ne kawai zai samu. Gwajin da aka yi cikin wata uku bayan ƙarin jini na iya ba da amsar ƙarya.

8. Mata: bakin mahaifa da nono

Nan ne aka samu canji mafi girma. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2021 ta sa gwajin ƙwayar HPV, wadda ke jawo sankarar bakin mahaifa, a gaba, daga shekara 30, duk shekara biyar zuwa goma. Mace mai ɗauke da HIV daga shekara 25, duk shekara uku zuwa biyar. Matar na iya ɗaukar samfurin da kanta da tsinken auduga a bayan labule, abin da ke sauƙaƙa wa masu jin nauyin a duba su. Inda gwajin bai iso ba, a ci gaba da dubawa da ruwan binega duk shekara uku, a fifita masu shekara 30 zuwa 49.

Dubawa da binega aikin wadda aka horar ce. Ana sa ƙarfen duba mahaifa, a haska da fitila mai kyau, a shafa ruwan mai ƙarfin kashi 3 zuwa 5, a jira minti ɗaya cur da agogo. Farin tabo mai kauri da iyaka bayyananniya a kusa da ƙofar mahaifa shi ake nema. Gaggawa tana sa a rasa shi. Bayan al'ada ta ɗauke, wurin da ake dubawa kan shige ciki, don haka wannan hanya ba ta dace da matan da suka haura 50 ba. In tabon ƙarami ne, ana ƙona shi da na'urar zafi a ranar. A gaya mata za ta ga ruwa-ruwa na wasu makonni, ta kuma ƙaurace wa shimfiɗa na mako huɗu. Gara a yi wa maigidan bayani shi ma, da izininta. Ta dawo bayan shekara guda.

Gargaɗi: jini bayan saduwa, jini bayan ɗaukewar al'ada, ko ruwa mai wari da ya ƙi jin magani, waɗannan ba na gwajin rigakafi ba ne. A duba, a tura. Kada a yi ta rubuta maganin sanyi wata da watanni.

Nono kuwa, a duba da hannu har hammata, a koya mata abin lura: ƙullutu, shigewar kan nono, fata mai ramuka-ramuka, jini daga kan nono. Amurka ta mayar da fara hoton nono shekara 40 a 2024, amma wannan tsari ne na inda na'urar take a ko'ina. A nan abin da ya fi ceton rai shi ne duk ƙullutu ya isa hannun likitan tiyata da wuri, ko yana ciwo ko ba ya yi.

9. Allurar rigakafi

A tambayi mace katin allurar tetanus: guda biyar ne, ta biyu bayan mako huɗu, ta uku bayan wata shida, ta huɗu da ta biyar da tazarar shekara guda-guda. A tambayi iyaye ko 'yan matansu masu shekara tara zuwa 14 sun samu allurar HPV, wadda Najeriya ta fara a Oktoban 2023, sau ɗaya ake yi. In da yaro a goye, a karɓi katinsa a duba.

10. Abubuwan da za a bari

Gwajin Widal na taifod ga mai lafiya ɓarnar kuɗi ne, kuma yana jawo shan maganin taifod ba dalili. Haka gwajin maleriya ga wanda ba ya zazzaɓi, hoton ƙirji ko na ciki "don a gani", gwajin alamomin sankara a jini, da ƙarin ruwa don ƙarin ƙarfi. Na'urar nan da ake ba mutum ya riƙe a hannu kwamfuta ta jero masa cututtuka talatin ba ta auna komai.

Asfirin na kullum ya fita daga jerin abin da ake ba mai lafiya. Tun 2022 masana a Amurka suka ce kada a fara shi ga mai shekara 60 ko fiye da bai taɓa ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba, domin haɗarin zubar jini a ciki ya kai amfaninsa ko ya fi. Wanda likita ya ɗora a kai bayan ciwon ya same shi, shi ya ci gaba.

Gwajin PSA na sankarar furostet ba a yin sa a ɓoye cikin jerin gwaje-gwaje. A zauna da namiji mai shekara 50 ko fiye, ko 45 in mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi ciwon, a gaya masa lambar na iya hawa ba sankara, kuma hawanta na nufin tafiya asibitin ƙwararru da kashe kuɗi. In ya zaɓa, a yi. Mai wahalar fitsari ko jini a fitsari kuwa bincike yake buƙata kai tsaye. Dattijo a tambaye shi gani, ji da faɗuwa. Mai shekara 40 da ke da makanta a dangi ya je a auna masa hawan jinin ido.

11. Shawara guda ɗaya ko biyu

Mutum ba ya riƙe shawara goma. A zaɓi wadda ta fi shafarsa. Mai shan taba, ita ce ta farko: a ce ya bari gaba ɗaya, a tsayar da rana tare. Mai hawan jini, gishiri: ƙasa da giram biyar a rana, kimanin ƙaramin cokalin shayi a shafe, kuma lissafin ya haɗa da dunƙule, yajin tsire, kilishi da sinadarin taliyar leda. Maganar ta fi tasiri in mai girkin tana wurin. A ce ta rage rabin dunƙulen da take sawa, ta ƙara albasa, citta, tafarnuwa da daddawa. Motsa jiki minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar, tafiya mai sa numfashi ya ɗan ɗaga. Wannan na ɗan kasuwa ne da ma'aikacin ofis da matar da ba ta fita, wadda za ta iya zagaya tsakar gida. Manomin da ya yini yana huɗa ba ya buƙatar a ce masa ya motsa jiki.

12. Kuɗi, rubutu da ranar dawowa

Awon jini, nauyi da ƙugu batir kawai suke ci. Allurar yara da ta HPV, da gwaji da maganin tarin fuka, kyauta ne a asibitocin gwamnati, gwajin HIV ma galibi haka. Tsinken suga, na fitsari da na ciwon hanta masu araha ne. Masu tsada su ne awon yawan ƙwayar cutar hanta, gwajin HPV inda ba tallafi, da hoton nono. In kuɗin mutum kaɗan ne, a bi wannan jeri: maganin hawan jini na wata guda in yana buƙata, sai suga, sai ciwon hanta, sauran su jira. A duba ko yana cikin inshorar lafiya ta jiha ko asusun kula da lafiya a matakin farko kafin a tura shi biya.

A rubuta sakamako da lambobinsa a kati da rajista. "Jini lafiya" ba rubutu ba ne. A karɓi lambar waya biyu, tasa da ta wani na kusa da ya yarda a kira. A rubuta ranar dawowa, a kuma faɗe ta da abin da zai tuna, kamar ranar kasuwar garin ta huɗu daga yau. Takardar turawa ta ƙunshi abin da aka samu, abin da aka bayar da adadinsa, da tambayar da ake so babban asibiti ya amsa. Duk ƙarshen mako a buɗe rajista a fitar da sunayen waɗanda ranarsu ta wuce, a kira su. Wanda waya ba ta same shi ba, a ba ma'aikacin da ke shiga unguwa sunansa, a fara da masu 160/100 zuwa sama, matan da aka ga tabo a bakin mahaifarsu, da masu cikin da gwajin hantarsu ya nuna suna ɗauke da cutar.